Zauren Barista: Waya a Gaban Alƙali

Wasiƙun wannan wata kusan duk a waje ɗaya suka taru: waya, layi da kwamfuta idan magana ta kai caji ofis ko kotu. Na zaɓi biyar na taƙaita su. Kamar kullum na cire sunayen mutane da na ofisoshi, tunda ban ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba. Masu tambayoyin gado ku ƙara haƙuri, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Barista, ɗana ya sayi waya ta hannu a wajen wani yaro a Wunti kan naira dubu 45. Bayan wata biyu 'yan sanda suka dira gidanmu da asuba suka tafi da shi, wai tirakin ya nuna wayar ta wani ce da aka yi wa fashi aka sassare shi. Yaron nan ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Ta yaya na'ura za ta ce shi ɗan fashi ne? — Maman Sadiƙu, Jahun, Bauchi

AMSA: Hajiya, Allah ya kuɓutar da shi. Ɗanki sawun ɓarawo ya taka. Na'urar kuma iyakar abin da ta faɗa shi ne wayar tana hannunsa, ba ta san wanda ya ɗaga adda a daren ba.

Ga yadda suka iso ƙofarki. Kowace waya tana da lambarta ta kanta mai alƙaluma 15, ana ce mata IMEI. Duk wanda ya danna *#06# zai ga tasa. Ko an canza layi sau goma wannan lambar ba ta canzawa. Da zarar an saka layi wayar ta kama sabis, kamfanin zai rubuta cewa layi kaza ya shiga waya kaza, a ƙarƙashin eriya kaza, da ƙarfe kaza. Dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 38, ta wajabta wa kamfanonin su ajiye wannan bayani shekara biyu, su kuma miƙa wa jami'an tsaro idan sun nema bisa ƙa'ida. Tun kuma Disamban 2020, da gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN, zamanin Sheikh Isa Pantami na Gombe yana ministan sadarwa, layi ya zama mai suna da hoto da adireshi. Daga waya zuwa layi, daga layi zuwa NIN, daga NIN zuwa Jahun.

Abin da ke ba ni haushi a irin wannan bincike shi ne yawanci a hannu na ƙarshe ake tsayawa, domin shi ne mai sauƙin kamu, yana gida bai ɓuya ba. Alhali takardar da ta nuna layin ɗanki ita ce za ta nuna layukan da suka riga nasa shiga wayar. Wane layi aka fara sakawa washegarin fashin? Shi kuma layin ɗanki na asali, a wace eriya yake a daren? Lauyanku ya nemi a fito da takardar gaba ɗayanta, kada a yago shafin da ya yi wa masu ƙara daɗi kawai. Amma ki sani eriya unguwa take nunawa, ba ɗaki ba, a ƙauye ma eriya ɗaya kan ɗauki garuruwa da dama. Saboda haka ba ta isa ta ɗaure mutum ita kaɗai ba, ba ta kuma isa ta wanke shi ita kaɗai ba.

Ta fuskar doka, sashe na 167 na dokar shaida ya ba alƙali damar ɗauka cewa wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan satar, ko shi ne ɓarawon ko ya karɓa yana sane, sai fa in ya yi bayanin yadda ya same su. Bayanin nan shi ne aikinku yanzu. Wa ya sayar masa, a gaban wa, da kuɗi hannu ko tiransifa? Kuɗin da ya biya ya yi kusa da farashin wayar a kasuwa? Wanda ya sayi wayar dubu 200 a dubu 45, ba kwali ba rasit, zai sha wahalar shawo kan alƙali cewa zuciyarsa ba ta raya masa komai ba. Ku je wajen shugabannin 'yan waya na kasuwar, sun fi kowa sanin yaran da ke kawo kaya.

Kuma ku yi da jiki. Tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, amma wannan kariyar ba ta rufe wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, fashi da makami kuwa yana ciki. Idan aka rubuta masa fashi maimakon karɓar kayan sata, majistare ba shi da hurumi, gidan gyaran hali zai tura shi. Gara a gyara tuhumar tun tana kan teburin ɗan sanda mai bincike.

Sauran masu karatu, in za ku sayi waya ta hannu ku rubuta takarda da lambar IMEI a jiki, ku ɗauki hoton mai sayarwa da katinsa, ku biya ta banki. Wanda ya ƙi a ɗauke shi hoto, ku bar masa wayarsa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na tura wa wani naira dubu 800 ya sayo min wake a kasuwar Soro. Ba wake, ba kuɗi, yanzu ma cewa yake ban ba shi komai ba. Ina da muryoyinsa a WhatsApp da hoton alat. Wayar ta tsufa, ina so in sayar, na riga na tura komai wayar maiɗakina. Ya wadatar? — Wani ɗan kasuwa, Muda Lawal

AMSA: Alhaji, kada ka sayar da wayar nan. Ka kashe tsarin nan da ke goge saƙo da kansa, ka sa ta a akwati, ka sayi wata. Abin da ka tura wa maiɗakinka kwafi ne, lauyan da ya san aikinsa cikin minti biyar zai yi kaca-kaca da shi: wa ya tura, daga ina, me aka yanke a tsakiya?

Tsohuwar dokar shaida da muka gada, wadda ta fara aiki a 1945, ba ta san kwamfuta ba. Har 2009 wata Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ƙi karɓar bayanan asusun banki da kwamfuta ta buga a shari'ar wani tsohon minista, sai a 2010 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta warware. A 2011 aka yi sabuwar doka, aka zo da sashe na 84, wanda kowane lauya yanzu ya haddace. Waya ma kwamfuta ce a idon wannan doka. Sashen yana so a tabbatar wa kotu cewa ana amfani da na'urar yau da kullum, tana aiki lafiya a lokacin, kuma abin da aka fitar daga cikin abin da aka saba shigar mata ne. Ana yin haka da takardar shaida mai sa hannun wanda ke kula da na'urar, ko ya tsaya ya faɗa da bakinsa. A 2012, a shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa tsakanin Kubor da Dickson, Kotun Ƙoli ta yi watsi da labaran jarida da aka bugo daga intanet saboda ba a bi wannan sashe ba. Takarda ce mai shafi ɗaya, amma rashinta ya kayar da manyan shari'u.

Hoton alat kuwa kada ka dogara da shi, masu shago sun san yadda ake haɗa na bogi. Ka je bankinka su buga maka bayanan asusu da hatiminsu. Wannan zai nuna kuɗin ya fita, ya nuna asusun da ya shiga. Murya ma yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayonta, don haka ka shirya wa ranar da zai ce ba tasa ba ce. A kotunan Shari'a na ga alƙali ya sa an kunna murya ya tambayi mutum, "Muryarka ce?" In ya amsa, magana ta ƙare, ya yi iƙirari. In ya musa, muryar ta zama alama kawai, a koma neman shaidu ko rantsuwa. Waɗanda suka san da cinikin, ka riƙe su da kyau.

Abu ɗaya kuma kafin ka tafi caji ofis. Doka ta hana a kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya. Da cewa ya yi kasuwa ce ta karye, da na ce ka tafi kotu neman kuɗinka kurum. Musun da ya yi cewa bai karɓa ba, ga kuma takardar banki, shi ya sa maganar ta fara kama da cin amana.

TAMBAYA: Barista, an kama ƙanena cikin samamen 'yan sara-suka. Ya ce kwana uku ana dukansa, sannan aka kawo takarda da Turanci aka dangwala masa yatsa. Ko firamare bai gama ba. Yanzu an ce ya amsa laifi. Shi ke nan ya ɗauru? — Yayarsa, Bakin Kura

AMSA: 'Yar'uwa, bai ɗauru ba tukuna. Sashe na 29 na dokar shaida ya ce idan aka yi ƙorafin cewa da azaba aka samo iƙirari, masu gabatar da ƙara ne za su tabbatar ba haka aka yi ba. Dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya aikata.

Matsalar ita ce yadda ake tabbatarwa. Kotu takan dakatar da ainihin shari'ar ta buɗe wata ƙarama a cikinta. Ɗan sanda ya rantse ya ce har ruwan sanyi ya ba shi, wanda ake tuhuma ya rantse ya ce rataye shi aka yi. Alƙali bai je wurin ba. Haka za a ci watanni ana jan abu ɗaya. Don maganin wannan ne dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta kawo a ɗauki iƙirari a bidiyo, a kuma ɗauki bayani a gaban lauya ko jami'in Hukumar Ba da Agajin Shari'a, da tafinta ga wanda ba ya jin Turanci. An daɗe ana gardama ko ɗaukar bidiyon dole ne ko ganin dama, har Kotun Ƙoli, a wata shari'a daga Legas a 2023 da wata ta gwamnatin tarayya a 2024, ta ce dole ne, ta ƙi amincewa da iƙirarin da ba a bi ƙa'ida ba. Bauchi tana da tata dokar ta jiha da aka gina kan ta tarayya, ita lauyanku zai buɗe ya ɗora hujjarsa.

Idan aka ce min babu kayan aiki, dariya nake yi. Wane ofis ne babu waya mai kyamara a aljihun wani? Ranar da za a jera waɗanda ake zargi a ƙasa a gaban 'yan jarida, ai ba a rasa kyamara ba, kafin magariba hoton ya karaɗe Facebook. Ni a ganina, a duk na'urorin da ake ta maganar sayowa, babu mai arha da amfani kamar wannan, kuma ɗan sanda na kirki shi ya fi kowa cin riba, don ba mai sake yi masa ƙazafi. Na san ana iya dukan mutum a bayan gida sannan a zaunar da shi gaban kyamara. Shi ya sa bidiyon ke bukatar lauya a gefe, a nuna ɗakin duka, a nuna jikin mutum, a ga lokacin farawa da gamawa.

Abin yi: duk tabon da ke jikinsa a ɗauki hoto, a nemi likita ya duba ya rubuta. Ranar da za a miƙa takardar a kotu, a lokacin ake tashi a ce ba a yarda ba. In aka yi shiru ta shiga, fitar da ita sai an sha wuya.

TAMBAYA: Barista, maigidana yana gidan gyaran hali a Bauchi shekara uku kenan, ba a yanke masa ba, ba a sallame shi ba. Duk ranar zama sai in yi kuɗin mota daga Ningi, a ce babu motar kawo su, ko a ce ana jiran shawara daga ma'aikatar shari'a. Na ji a rediyo ana yin kotu ta bidiyo. Don Allah me ya hana a yi mana? — Maman Ummi, Ningi

AMSA: Maman Ummi, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Abin da kika ji gaskiya ne. Lokacin kullen korona, a Afrilun 2020, Babbar Kotun Borno ta yi zama ta bidiyo ta sallami wani da ake tuhuma da kisa. A watan Mayu wata kotu a Ikeja ta yanke wa wani hukuncin kisa ta manhajar Zoom, abin da ya jawo surutu har ƙasashen waje. A Yulin shekarar Kotun Ƙoli ta ce zama ta bidiyo bai saɓa wa tsarin mulki ba. Ra'ayina a kai shi ne, ranar ɗage shari'a ko sauraren beli, babu dalilin ƙona mai da ɗaukar gandirobobi don zaman minti uku, a yi ta allo. Amma ranar da shaida zai nuna mutum ya ce shi ne, ko ranar da ransa ke kan sikeli, a kawo shi ido da ido, ya iya raɗa wa lauyansa magana a kunne. Sabis ɗinmu da ke yankewa a tsakiyar gaisuwa bai kai a ɗora masa wuyan mutum ba.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Ko yau aka kafa allo a gaban maigidanki, majistare zai dube shi ya sake ɗagewa, domin ba shi da hurumin jin ƙarar. Uzuri na biyu da ake ba ki shi ne ciwon. Fayil yakan tashi daga ɗan sanda mai bincike, a yi kwafinsa a kai ma'aikatar shari'a, lauyan gwamnati ya karanta ya ce akwai tuhuma ko babu, in akwai a shigar a Babbar Kotu. Duk wannan tafiya a takarda ake yinta, hannu da hannu. Wani lokaci kuɗin hoto-kwafi ne ya tsayar da ita. Wani lokaci an yi wa mai binciken canjin wurin aiki, fayil na kulle a durowarsa. Kafin in zama lauya na yi aikin rajista a wata kotu, da idona na ga fayil ɗin da gara ta cinye rabinsa a ƙasan kabad, mai shi kuwa yana tsare, babu wanda ya san ranar da zai dawo kotu saboda ba a ba shi rana ba.

A dokar tarayya, umarnin tsarewa kwana 14 ne, ana iya sabuntawa na ɗan lokaci, daga nan dole kotu ta kira Antoni Janar da 'yan sanda su faɗi dalilin da zai hana a ba da beli. Dokar tana nan, mai ƙirga kwanakin ne babu. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke. Aikin da nake so kwamfuta ta yi mana bai wuce wannan ba: jeri ɗaya da 'yan sanda, ma'aikatar shari'a, kotu da gidan gyaran hali za su riƙa gani tare, suna, ranar shiga, hannun wa fayil yake, in kwana ya cika sunan ya yi ja a gaban Babban Joji. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi rumbun bayanan masu laifi na ƙasa, dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ce a ajiye bayanan kowane ɗaurarre da zanen yatsunsa. Mu a Bauchi bai kamata a yi mana dogon bayani kan amfanin wannan ba. Ranar 7 ga Satumba 2010, ana dab da ƙaramar Sallah, 'yan Boko Haram suka fasa gidan yarin garin nan mutum 721 suka fita. A Yulin 2022 aka sake yi a Kuje. Ranar irin wannan ake gane darajar hoto da zanen yatsa da ke ajiye a wani wuri, ba a littafin da ke cikin ginin da aka fasa ba. Rumbun da zai taimaka a kamo wanda ya gudu, shi ne zai tuna da wanda ya zauna aka manta da shi.

Kafin a kai can, kada ki sake zuwa ki zauna a benci kawai. Ki shiga wajen rajistara ki karɓi lambar ƙara da ranar da aka fara tsare shi. Ki kai su ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a a Bauchi, ba a biyan kuɗi. Ki roƙe su abu uku: su rubuta wa Antoni Janar su tambayi ko fayil ya iso, su nemi beli a Babbar Kotu bisa daɗewar da ya yi, su kuma sa sunansa cikin waɗanda za a gabatar idan Babban Joji ya kai ziyara gidan. Duk takardar da aka miƙa a buga wa kwafinki hatimin karɓa, ki ɗauke shi hoto a waya. Takardar da aka san akwai kwafinta a waje ba ta cika ɓata ba.

TAMBAYA: Yallaɓai, ina sana'ar POS. Wani kwastoma yakan ce a turo kuɗi asusuna in ba shi a hannu, ya ba ni dubu 5. Ya kuma roƙi in yi masa rajistar layi da NIN ɗina don nasa ya samu matsala. Akwai laifi? — Ɗalibi, Azare

AMSA: Ƙanena, maganar layi ka ce masa a'a yau ɗin nan. Duk kiran da aka yi da shi, ko na neman kuɗin fansa ne, sunanka da hotonka za su fito. Asusu ma haka, tun da aka kawo BVN a 2014 duk asusunka a ɗaure suke da yatsunka, in kuɗin damfara ya sauka a ɗaya ana iya rufe shi, kai za a fara nema. Ka tambayi kanka me ya sa mai asusu zai biya dubu 5 don kada kuɗi ya bi ta nasa. Waɗanda ka riga ka karɓa, ka sayi littafi ka rubuta rana, adadi, sunan wanda ya turo da wanda ya karɓa, ka ajiye rasit. Daga yau duk mai cirar kuɗi masu yawa ya nuna kati ka ɗauka a hoto. Kuma ka leƙa ofishin kamfanin layinka ka ce su duba maka layuka nawa ke kan NIN ɗinka, wanda ba ka sani ba a cire shi.